Ziyara Zuwa Kwarin Asam, Gidan Ganyen Shayi

Idan mai karatu ya buɗe taswirar ƙasar Indiya, ya duba can kusurwar arewa maso gabas, zai ga wani yanki da ya yi kamar zai tsinke daga jikin ƙasar. Wani siririn zirin ƙasa ne kaɗai ya riƙe shi, faɗinsa a wani wurin bai wuce kilomita 22 ba, Nepal tana gefe guda, Bangaladash tana ɗaya gefen. Mutanen Indiya suna kiran wurin wuyan kaza. Bayan wannan wuya ne Jihar Asam take, can kuwa za mu kai ziyara a wannan wata, gama wajen rabin shayin da Indiya take nomawa daga wannan jiha guda yake fitowa.

Kwari da kogi

Asam kwari ne mai tsawo, shimfiɗe tsakanin duwatsu. Babban kogin Birahmaputra ya ratsa tsakiyarsa. Kogin ya taso ne daga ƙasar Tibet, ya kewayo ƙarshen duwatsun Himalaya, sa'an nan ya gangaro cikin kwarin. A wasu wurare, in mutum ya tsaya a wannan gaɓa da damina, ba ya hango waccan. Ruwan saman da ake yi a shekara ya ninka na Kano sau biyu ko uku, yawancinsa kuwa tsakanin watan Yuni da Satumba yake sauka. Ga zafi, ga gumi, ga ƙasa mai taushi. Mutum yakan sha wuya da irin wannan yanayi, amma itacen shayi abin da yake so ke nan.

Matafiyin da ya tashi daga Guwahati, birni mafi girma a jihar, ya kama hanyar gabas, zai fara wuce fadamun shinkafa da ƙauyuka masu gidajen gora. Zai bi ta gefen dajin Kaziranga, inda karkanda mai ƙaho ɗaya take kiwo. Kafin ya kai garin Jorhat, har zuwa Dibrugarh, sai ƙasa ta sāke kama. Dama da hagu zai ga kore shar, a baje kamar an shimfiɗa darduma, da dogayen itatuwa jefi-jefi waɗanda aka dasa don su yi wa shayin inuwa. Waɗannan su ne gandayen shayi. Manyansu a Asam sun kai wajen 800.

Rana ɗaya a cikin gandu

Shayi fa itace ne. In an bar shi a daji yakan yi tsawon mita 10 ko fiye. A gandu kuwa sai a riƙa datse shi daidai ƙugun mutum, domin ya yi ta fid da sabon toho a inda hannu zai kai. Wannan tohon ne dukiyar. Mai tsinka takan cire ɗan tsiro na kan reshe tare da ganye biyu na ƙarƙashinsa, ta jefa ta bayan kafaɗa cikin kwandon da ta goya, wanda igiyarsa ta zagayo ta goshinta. Hannu biyu suke aiki gaba ɗaya. Bayan kamar kwana 7 itacen ya sāke toho, sai a komo masa. Haka za a yi ta yi daga watan Maris har wajen Nuwamba. Ganyen da aka tsinka cikin Mayu da Yuni shi ya fi daraja wurin masu saye.

Yawancin masu tsinkar nan mata ne. Da sassafe suke fita, gama a gandaye da yawa agogon aiki yana gaban agogon gwamnati da awa 1. Tun zamanin Turawa aka tsara haka, saboda rana takan riga fitowa a wannan gefen na gabas. Sukan ɗaura leda ko buhu a ƙugu don raɓa da ƙaya. Da damina ga matsattsaku, ga macizai. Wani lokaci damisa takan haihu a cikin magudanar ruwan gandu, giwaye kuma sukan ratso daga daji su bi ta tsakiyar shuka. A gandaye da yawa, sai mace ta kawo wajen kilo 24 na ɗanyen ganye kan sikeli kafin a rubuta mata cikakken aikin yini.

Yadda abin ya fara

Shekara 200 da suka wuce babu gandu ko ɗaya a wannan kwari. A wancan zamani ƙasar Sin ce kaɗai take sayar wa duniya shayi. Daga bakin mutanenta ma sunan ya fito: su suka ce ca, mutanen Indiya suka ce cai, Larabawa suka ce shai, mu kuma muka ce shayi. Mutanen Ingila sun kamu da son shayi ƙwarai, Sinawa kuwa ba su da bukatar kayan Ingila, sai azurfa. Da azurfa ta yi ta zurarewa, sai Kamfanin Gabashin Indiya, watau kamfanin Turawan Ingila da yake mulkin Indiya a lokacin, ya shiga noma wani kayan maye mai suna ofiyom, ana kai wa Sin a ɓoye don a samo kuɗin sayen shayi. Wannan mugun ciniki shi ya jawo yaƙi tsakanin Ingila da Sin daga 1839 zuwa 1842. Saboda haka Turawa sun daɗe suna neman wurin da za su noma shayi a ƙarƙashin ikonsu.

Ashe abin yana nan a dajin Asam. Kabilar Singpho sun daɗe da sanin itacen, suna dafa ganyensa suna sha. A cikin 1823 wani babban mutumin Asam mai suna Maniram Dewan ya haɗa wani Bature, Robert Bruce, da sarkin Singpho, aka nuna masa itacen. Robert bai daɗe ba ya rasu, ƙanensa Charles ya ci gaba da aikin. A 1834 Gwamna William Bentinck ya kafa kwamitin binciken noman shayi, a watan Janairu na 1839 kuma aka yi gwanjon akwatuna 8 na shayin Asam a birnin Landan. A shekarar nan aka kafa Kamfanin Asam. Daga baya, a 1848, aka aiki wani masanin tsirrai, Robert Fortune, ya shiga ƙasar Sin cikin shigar Sinawa, ya kwaso iri da dashe, ya kuma zo da gwanayen sarrafa ganye. Kafin 1890 shayin Indiya ya riga ya fi na Sin yawa a kasuwar Ingila.

Shi kuwa Maniram Dewan, wanda ya nuna hanya, ya buɗe nasa gandayen, bai ji da daɗi ba a hannun Turawan da ya zama kishiyarsu. A 1858 suka rataye shi a Jorhat, bisa zargin yana da hannu a tawayen 1857.

Mutanen da aka kawo

Gandu yana bukatar hannuwa da yawa, mutanen Asam kuwa suna da gonakinsu na shinkafa, ba su ga dalilin yi wa wani ƙodago ba. Sai masu gandu suka aika dillalai can nesa, zuwa tuddan Chota Nagpur da ƙasashen Bihar da Orisa, inda talauci da yunwa suka addabi kabilu irin su Munda da Oraon da Santal. Dillalan suka yi ta yi musu romon baka, suna cewa aiki kaɗan ne, kuɗi kuwa da yawa. Aka ɗebo su a jiragen ruwa, tafiyar makonni bisa kogi. Cutar amai da gudawa ta kashe wasu a hanya, zazzaɓin cizon sauro ya tari saura a gandu. Tsakanin 1863 da 1866 an kawo mutum kusan 85,000, kafin ƙarshen wannan lokaci fiye da 30,000 sun mutu.

Wanda ya tsira kuma ba shi da ikon komawa. Takardar yarjejeniya ta ɗaure shi shekaru, dokar zamanin kuma ta mai da barin aiki laifi. In ya gudu, mai gandu yana da iko ya kamo shi. A watan Mayu na 1921 dubban ma'aikata a kwarin Chargola suka ajiye kwanduna, suka kama hanyar gida a ƙasa. Da suka kai tashar jirgi ta Chandpur sai aka sa sojoji suka far musu da duka.

Jikokin waɗannan mutane su ne masu tsinkar shayi a yau. Sun yi miliyoyi a Asam. Suna da harshensu na cuɗanya mai suna Sadri, da kiɗansu da rawarsu. Yawancinsu Hindu ne, akwai kuma Kirista da dama a cikinsu, gama wasu sun zo da bangaskiyarsu tun daga Chota Nagpur, inda mishan ta fara aiki a garin Ranchi a 1845. Da yawa an haife su a layin gidajen gandu, nan iyayensu suka tsufa, ba su kuwa da ko taki ɗaya na ƙasar da za su ce tasu ce.

Daga kwando zuwa gwanjo

Ganyen da aka tsinka ba ya jira. Kowane babban gandu yana da masana'anta a tsakiyarsa, mai wucewa ma yakan ji ƙamshinta daga bakin hanya. Da farko akan baza ganyen a dogayen kwamaye, fanka tana hura shi dare guda har ya yi yaushi. Sa'an nan a murza shi. Da an murza sai a bar shi ya sha iska, ya juye daga kore zuwa ja, kamar yadda goro yake sāke launi in an fasa shi an ajiye. Daga nan a busar da shi da iska mai zafi har ya yi baƙi, a tankaɗe, a ware manya da ƙanana. Kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen ganye shi ke ba da kilo 1 na busasshen shayi.

Wajen 1930 wani Bature mai suna William McKercher ya ƙera wani inji a Asam, wanda yake murƙushe ganye, ya yayyaga shi, ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana kamar tsabar gero. Ana kiran irin wannan shayi CTC. Yana saurin ba da launi, yana da ƙarfi, yana jure madara da sukari, ga shi da araha. Irinsa ne yawanci ake zubawa a ƴan ƙunshin takardar nan masu zare da muke tsomawa a kofi, kuma mafi yawan shayin Indiya a yau haka ake yinsa. A kusa da Jorhat kuma akwai tashar binciken shayi ta Tocklai, wadda aka buɗe a 1911, inda ake fid da sababbin iri da hanyoyin yaƙi da ƙwari.

Daga masana'anta sai gwanjo. An fara gwanjon shayi a Kalkata a 1861, na Guwahati kuma a 1970. Kafin ranar ciniki akwai gwanayen ɗanɗano. Za a jera musu kofuna a dogon tebur, kowa ya kurɓa da ƙara, ya juya a baki, ya tofar, ya faɗi darajar kowane buhu. Dā masu saye sukan taru a ɗaki guda suna taya da baki, yanzu kuwa ta kwamfuta ake yi. Manyan kamfanoni su saya, su gauraya shayin gandaye da yawa, har na ƙasashe dabam-dabam, domin ɗanɗanon kwalinsu ya zauna iri ɗaya kowace shekara.

Ɗan ratse zuwa Darjilin

A hanyar komowa daga Asam, daidai wuyan kazar nan, in matafiyi ya juya arewa zai hau duwatsu zuwa garin Darjilin, cikin Jihar Bengal ta Yamma. Akwai wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da yake hawa can a hankali tun 1881. In gari ya yi garau ana hango dutsen Kanchenjunga, na uku a tsawo a duniya, fari fat da ƙanƙara. A nan wani likita, Archibald Campbell, ya fara gwada shuka irin shayin Sin a 1841. Sanyi yana sa itacen ya yi girma a hankali, ganyen ƙanana, ƙamshin kuwa babu kamarsa. Ma'aikatan nan masu jin harshen Nepal ne, a kan gangare mai tsauri suke tsinka.

Gandayen Darjilin 87 ne kawai, abin da suke bayarwa kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na shayin Indiya ba. Amma sunan ya yi tsada har ƴan kasuwa suka riƙa manna shi a kan shayin wasu wurare. Don haka a 2004 gwamnati ta yi wa sunan rajista, ya zama ba mai amfani da shi sai shayin waɗannan duwatsu. Duk da haka wurin yana cikin wahala. A 2017 rikicin siyasa ya tsai da aiki kwana 104, masu saye da yawa suka koma ga shayin Nepal mai araha, wasunsu ba su dawo ba. A kudancin Indiya ma ana noman shayi, a duwatsun Nilgiri da na Kerala.

Ina shayin yake zuwa?

An kafa gandayen nan ne domin teburin mutanen Ingila. Mutanen Indiya kansu ba su damu da shayi ba a farko. Sai daga farkon ƙarni na 20 masu gandu suka shiga tallarsa a gida, suna raba shi a tashoshin jirgin ƙasa da masana'antu. Jama'a suka karɓa, amma suka yi shi yadda suke so: a dafa ganye da madara da sukari a tukunya guda, a jefa citta da kayan ƙamshi. Yau babu tashar da za ka sauka a Indiya ba ka ji mai shayi yana kira ba, wani ma a ɗan kofin ƙasa zai zuba maka, in ka shanye ka yar.

Bayan samun mulkin kai a 1947, gandaye suka riƙa komawa hannun ƴan ƙasa sannu a hankali, aka kuma kafa Hukumar Shayi ta Indiya a Kalkata a 1954. Ingila ta rage saye, sai Tarayyar Sobiyet ta zama babbar mai saye, tana kwasa da yawa ba tare da tsananta zaɓe ba. Da Tarayyar ta rushe a 1991 sai kasuwar ta girgiza, farashi ya faɗi a shekarun da suka biyo, wasu gandaye suka rufe, ma'aikatansu suka shiga yunwa. Gwanjon Landan, wanda ya fi shekara 300 ana yi, aka rufe shi a 1998. A shekarar 2000 kuma kamfanin Tata na Indiya ya saye Tetley, tsohon kamfanin shayi na Ingila. Duniya ke nan, juyi-juyi.

A 2023 Indiya ta sarrafa shayi wajen kilo miliyan 1,390. Sin ce kaɗai ta fi ta. Amma cikin kowane kilo 5, wajen 4 a gida ake shanye su. Abin da ta fitar waje a 2024 wajen kilo miliyan 255 ne, manyan masu saye kuwa su ne Iraki da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Rasha, sai Iran da Amurka da Ingila.

Wadda ta sha gabanta a kasuwa ƴarta ce. A 1903 aka dasa shayi na farko a Limuru ta ƙasar Kenya, da irin da aka kawo daga Indiya. Tuddan Kenya suna kan tsakiyar duniya, ana tsinka duk shekara babu hutun hunturu, mutanen ƙasar kuma kaɗan suke sha. Saboda haka Kenya takan fitar da fiye da kilo miliyan 500 a shekara, ta ninka Indiya, gwanjon Mombasa kuwa ya zama uban gwanjon baƙin shayi a duniya. Mu ma a Nijeriya muna da namu gandun a Kakara, bisa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda ake samun sanyi da ruwan da itacen yake so.

A cikin Asam kanta ma abubuwa suna sākewa. Ƙananan manoma fiye da 100,000 sun mai da filayensu gonakin shayi, suna sayar da ɗanyen ganye ga masana'antu. A Indiya duka, wajen rabin shayin yanzu daga irin waɗannan manoma yake fitowa. Tun da ganyen ba ya kwana, duk kuɗin da aka taya musu dole su sallama. Yanayi kuma ba ya tafiya kamar dā. A 2024 tsananin zafi da ambaliya sun rage amfanin ƙasar da kusan kilo miliyan 100.

Rabon mai kwando

Kasuwa ta tashi daga Landan ta koma Mosko, ta tashi daga can ta koma Bagadaza da Dubai da tashoshin jirgin Indiya. Masu gandu sun sāke, masu saye sun sāke. Mai kwando kuwa tana nan inda kakarta ta tsaya.

A 1951 gwamnati ta kafa doka wadda ta ɗora wa mai gandu nauyin ba ma'aikata gida da ruwan sha da magani da makarantar yara. Wasu gandaye sun cika wannan alkawari. A wasu kuwa ɗakuna suna yoyo, babu makewayi, mata masu juna biyu suna fama da ƙarancin jini, yara suna barin makaranta su bi iyayensu tsinka. Masu gandu suna cewa farashin gwanjo bai tashi daidai da kuɗin taki da wuta ba, wannan kuwa akwai gaskiya a ciki, gama mafi yawan ribar tana wajen masu gaurayawa da masu zubawa a kwali da masu kanti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Matan ma ba su yi shiru ba. A 2015 dubban mata masu tsinka a Munnar, cikin Jihar Kerala, suka fito kan titi da kansu, ba su jira shugabannin ƙungiyar ƙodago ba, suka zauna har aka ƙara musu lada.

Bari mu rufe da ɗan lissafi, wanda yaran gida ma za su iya yi da fensir. A ƙarshen 2023 ladar yini a gandayen kwarin Birahmaputra rufi 250 ne, watau wajen dalar Amurka 3, ban da ɗan awon shinkafa da alkama da ake bayarwa. Kilo 24 na ɗanyen ganye zai ba da wajen kilo 5 na busasshen shayi. Kofi ɗaya yana cin giram 2. Ashe aikin mace ɗaya na yini guda ya isa a zuba wa mutum fiye da 2,000 shayi. Gobe da safe in uwargida ta ɗora buta, ko maigida ya zauna a teburin mai shayi, sai a juya bayan kwalin a duba ƙasar da ganyen ya fito, a kuma gwada raba rufi 250 gida 2,000, a ga abin da ya kai hannun wadda ta tsinko shi.